Zan Sayar Da Gwal Ɗina In Tafi Kenya Aikin Sa Kai, Abba Ya Ce Bai Yarda Ba

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 25, a Zariya nake. Na karanta ilimin halittu a jami'a, na gama bautar ƙasa bara, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Tun ina ƙarama nake son namun daji, har a gida ana yi min tsiya wai na fi sanin sunayen tsuntsaye fiye da na dangi.

Watan jiya na ci karo da wata ƙungiya a Instagram mai kai matasa aikin sa kai a Kenya. Mako shida ne a wani ƙauye kusa da gandun dajin Tsavo. Da safe za mu koyar da yaran firamare Turanci da lissafi, da yamma a fita da mu aikin kare giwaye. Kuɗin dala 2,400 ne, ban da kuɗin jirgi. Sun ce in na biya rabi kafin ƙarshen wata za su riƙe min gurbi a rukunin da zai fara a tsakiyar Nuwamba. Na tambaye su takardun da zan kawo, suka ce fasfo kawai, in shiga a matsayin 'yar yawon buɗe ido.

Abin da nake da shi kwasar adashe ce, sai sarƙa da awarwaron gwal da Mama ta ba ni lokacin da na gama makaranta. In na sayar da su kuɗin zai kusa cika. Da na faɗa wa Abba ko sauraro na bai gama yi ba, ya ce 'yarsa ba za ta tafi wata uwa duniya ita kaɗai wurin mutanen da bai sani ba. Ƙawayena kuma dariya suke yi min, wai mutane na fama da yunwa ni ina tausayin giwa. Yau kwana goma ke nan daga gaisuwa ba abin da ke haɗa ni da Abba. Anti, ni fa ba shaƙatawa nake nema ba, so nake in yi wani abu mai amfani da rayuwata kafin aure ya zo. Ya zan yi?

'Yarki daga Zariya.

Wa'alaikumus salam 'yata.

Kada ki sayar da gwal ɗin, kuma kada ki tura musu ko kwabo tukuna. Da wannan na fara saboda wa'adin ƙarshen wata da suka rataya miki, kada in tsaya jan zance ke kuma kin riga kin kama hanyar 'yan gwal. Sauran maganar tana da tsawo, kuma za ki ga mafi yawanta a bayanki nake.

Ƙawayenki ba su da gaskiya. A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah ya gaya mana cewa dabbobin da ke tafiya a ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikai al'ummu ne kamar mu. Kowa ya yi Islamiyya ya san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Don haka son da kike yi wa halittun Allah abu ne mai kyau, ki riƙe shi. Kuma wanda ya ɗauka kare giwa yana nufin manta talaka bai san yadda aikin yake ba. Bari in gaya miki yadda yake a can inda kike son zuwa.

Tsavo gandun daji biyu ne, na gabas da na yamma. An kafa shi a 1948, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 20,000, wato ya ninka Yankarinmu na Bauchi fiye da sau tara. A ƙidayar namun daji da Kenya ta yi a 2021 an samu giwaye 36,280 a faɗin ƙasar, kuma babu inda suka fi yawa kamar yankin Tsavo. Sai dai giwa ba ta san iyakar gandu ba. A gefen dajin, wajen garin Voi da tsaunin Sagalla, ƙananan manoma ne ke zaune, masu ɗan fegin masara da wake kamar na kowane ƙauye a ƙasar nan. Garken giwaye in ya faɗa gonar mutum da dare, kafin asuba abincin shekara ya tafi. Mutumin da aka yi wa haka, in kika zo kina ce masa giwa abin sha'awa ce, kallon mahaukaciya zai yi miki, kuma yana da hujja.

A nan Sagalla ne wata mai bincike, Lucy King, tare da ƙungiyar Save the Elephants, suka yi aiki da manoma a kan wata dabara. Giwa tana tsoron ƙudan zuma, domin suna harbinta a kewayen ido da cikin hanci, inda fatarta ba ta da kauri. Sai aka riƙa rataye amya a kewaye da gona, tazarar kamar mita 10 tsakanin kowace biyu, a haɗa su da waya. Giwa na taɓa wayar sai amyoyin su girgiza, zuma ta tashi, giwar kuma ta juya. Binciken da suka yi ya nuna kusan takwas cikin goma na giwayen da suka tunkari irin waɗannan gonaki komawa suke yi. Manomi ya tsira da masararsa, ga ruwan zuma na sayarwa, giwa kuma ta tsira daga kibiya mai dafi. Kin ga a nan tausayin giwa da tausayin mai jin yunwa abu ɗaya ne. Ki ba ƙawayenki wannan labarin.

To amma ki duba su wa ke yin aikin. Manomin da ke duba amyarsa kullum, da kafintan da ya ƙera ta, da ma'aikatan hukumar namun daji ta Kenya, KWS, waɗanda ake horarwa a makarantarsu ta Manyani su shiga daji da bindiga, da masu binciken da suka shekara da shekaru suna rubuta wace giwa ce ta shiga wace gona a wane dare. Baƙuwar mako shida, me za a danƙa mata a cikin wannan? Ba za a ba ki bindiga ba, ba za a bar ki ki matsa kusa da giwa ba. A mafi yawan irin waɗannan shirye-shirye, abin da ake kira aikin yamma shi ne a ɗora ku a buɗaɗɗiyar mota, a ba kowa takarda da fensir ya ƙirga abin da ya gani. Wani wuri ƙirgar tana shiga wani kundi da masana ke amfani da shi. Wani wuri kuwa takardun a kwali suke ƙarewa. Tambayar da za ta raba miki gardama ita ce: bayanan da za mu tara, wa zai karɓa, kuma me aka taɓa yi da na waɗanda suka zo kafin mu? Ƙungiyar gaskiya za ta faɗi sunan mai binciken ko hukumar, har ta turo miki rahoto.

Yanzu makarantar, kuma a nan ne na fi jin nauyi a raina, domin na shafe shekaru masu yawa ina riƙe da alli.

Sun ce rukuninku zai fara a tsakiyar Nuwamba. Shekarar karatu a Kenya a Janairu take farawa, zango uku ne, kuma makarantun firamare suna rufewa dogon hutu tun ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ba sa komawa sai Janairu. Mako shidanki daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Disamba duk a cikin hutu za su faɗa. Waɗanne yara za ki koyar, a wane aji? Mai yiwuwa suna da wani darasin hutu da suke tara yara, amma da sun faɗa miki haka tun farko. Wanda ya karɓi kuɗinki a kan koyarwa a makaranta alhali makaranta a rufe take, ko dai bai san wurin ba, ko kuma bai damu ba. Duk biyun ba wanda ya dace ki miƙa wa gwal ɗin mahaifiyarki.

A ce ma makarantar a buɗe take. Yaran wannan yanki da yaren Taita da Swahili suke tashi, kuma tsarin ƙasar shi ne a ƙananan azuzuwa a koyar da harshen da yara ke ji a yankinsu, Turanci ya karɓi ragama daga aji huɗu. Ke da ba ki jin Swahili, in yaro ɗan shekara bakwai ya kasa gane ragi, da wane harshe za ki sake masa bayani? Sannan Kenya ba ta rasa malamai ba. Tana da hukumar da ke yi wa malamai rajista, doka ta ce sai mai rajista ne zai koyar, kuma akwai dubban malamai 'yan ƙasar masu takardar shaida da ke zaune suna jiran a ɗauke su aiki. Abin da makarantun ƙauye suka rasa shi ne kuɗin biyan su, har iyaye kan yi karo-karo su ɗauki malami da kansu. Ki zauna ki yi lissafin wata nawa dala 2,400 za ta riƙe irin wannan malami, wanda ke jin yaren yaran kuma zai kwana a garin bayan kin tafi.

Lokacin da nake koyarwa, kowace shekara ana turo mana 'yan bautar ƙasa. Da yawansu yara ne masu himma, ina yi musu addu'a har yau. Amma na ga abin da zuwa da tafiyarsu ke yi wa aji. Sai yara sun saba da muryar malami, sun daina jin kunyar tambaya, sai a ce ya gama, wani ya zo ya koma farkon littafi. Akwai wata yarinya da ba na mantawa, marainiya ce, ta shaƙu da wata 'yar bautar ƙasa har jakarta take ɗaukar mata. Ranar da malamar ta tafi, yarinyar nan mako guda ba ta zo makaranta ba. Da ta dawo, ta koma kujerar baya, ba ta ƙara ɗaga hannu ba har ƙarshen zangon. Wannan fa malamar shekara guda ce. Ki kwatanta da ajin da kowane mako shida sabuwar fuska ke shigowa, a fara daga gaisuwa da sunayen launuka da ƙirga ɗaya zuwa ashirin, a yi waƙa, a ɗauki hoto, a rungume su ana kuka a tafi. Yaran sun haddace launuka sau goma, manhajarsu kuwa tana nan inda malaminsu ya ajiye ta don ya ba baƙi wuri. Hausawa suka ce baƙo raɓa ne. Yaro kuwa ruwan damina yake buƙata.

Abin da ya fi tayar min da hankali a wasiƙarki shi ne da kika ce fasfo kawai suka nema. Ke kin san kanki, ni ma na yarda da ke. Amma su ba su san ki ba. Wurin da zai buɗe wa kowane baƙo ƙofar aji ba tare da ya nemi takardar karatu ba, ba shaidar 'yan sanda cewa mutum ba shi da tabon cutar da yara, ba wasiƙa daga inda yake aiki, to kuɗin yake kallo. Wanda zai zo bayanki da wata niyya, shi ma haka za a buɗe masa. Za ki yarda a yi wa ɗalibanki na Zariya haka?

Idan kuma a cikin zancen suka ambaci gidan marayu, ki ja da baya gaba ɗaya. An daɗe da gano cewa mafi yawan yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su, kuma a wasu wurare kuɗin baƙi ne ke sa a je ƙauye a kwaso yara a cika gida. A 2018 Ostireliya ta amince da cewa safarar yara zuwa gidajen marayu nau'in bauta ne na zamani. A 2019 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ga ƙasashe su magance illar aikin sa kai a gidajen marayu. Ita kanta Kenya tun 2022 ta ɗauki shirin shekara goma na mayar da yara hannun iyalai. Haka a ɓangaren dabbobi: duk inda aka ce za ki rungumi ɗan zaki ko ki ba shi madara a kwalba, ki gudu. A Afirka ta Kudu an yi shekaru ana karɓar kuɗin matasa masu kyakkyawar niyya irin taki su raini 'ya'yan zaki da sunan marayu ne za a mayar daji, alhali a keji aka haife su, kuma da yawansu a gaban bindigar mai farautar kuɗi suke ƙarewa ko a sayar da ƙasusuwansu. A 2021 gwamnatin ƙasar ta bayyana aniyarta ta kawo ƙarshen wannan kiwo. Ban ce ƙungiyarki tana yin haka ba. Na faɗa miki ne don in kin fasa wannan kika koma neman wata, hoton ɗan zaki a hannun budurwa kada ya ja ki.

Ba kowace ƙungiya mai karɓar kuɗi ce ta macuta ba. Baƙo zai ci, zai kwana, mota za ta sha mai, shiga gandu ma da kuɗi. Masu gaskiya a cikinsu za su rubuta miki dalla-dalla nawa ne na abinci da masauki, nawa ne ke isa makarantar, nawa ne ke tsayawa a ofishinsu. Ki nemi wannan a rubuce. Ki nemi lambar rajistarsu a Kenya, da sunan makarantar, da lambar shugabanta ki kira shi da kanki. Ki kuma tuna dala 2,400 ɗin somin-taɓi ne: ga tikitin jirgi zuwa Nairobi da dawowa, ga katin rigakafin zazzaɓin shawara, ga inshorar lafiya, ga allurar rigakafin ciwon haukan kare ga mai mu'amala da dabbobi, ga kuɗin ko-ta-kwana. Gwal ɗinki ba zai ɗauke wannan duka ba, bashi za ki ƙara a kai.

Sai maganar shiga a matsayin 'yar yawon buɗe ido. Izinin ziyara daban, izinin aiki daban, ko da aikin ba albashi. Kenya tana da takardun izini na musamman ga masu zuwa aikin agaji ko aiki na ɗan lokaci, kuma ƙungiyar da ta gayyace ki ce ya kamata ta nema miki. Wanda ya ce ki gaya wa jami'in shige da fice kin zo kallon giwa alhali aji za ki shiga, ya koya miki ƙarya tun kafin ki taka ƙasar, kuma ranar da abin ya ɓaci a fasfonki za a buga tambari, su suna gida.

Wannan ya kawo ni kan Abba. 'Yata, ki sa kanki a wurinsa. Shekarun nan labari nawa muka ji na 'yan mata da aka yi wa alƙawarin aiki mai kyau a waje, suka ƙare a gidajen da aka karɓe musu fasfo a Libiya ko ƙasashen Larabawa? Saboda irin wannan aka kafa hukumar yaƙi da safarar mutane, NAPTIP, tun 2003, har yau ba ta huta ba. Uban da ya ji 'yarsa za ta tura kuɗi ga mutanen da ta gani a waya, ta hau jirgi ita kaɗai, in bai tsorata ba to ba ya sonta. Ya yi kuskure da bai bar ki kin kai aya ba, wannan gaskiya ne. Amma kin je masa ne da maganar da kika riga kika yanke, da ranar tafiya da komai, kina neman ya sa hannu. Babba ba ya son a sanar da shi, ya fi son a shawarce shi. Kuma duk abubuwan da na lissafa miki a sama, shi bai san kalandar makarantun Kenya ba, amma zuciyarsa ta hango masa inda ni na isa da lissafi.

Batun tafiyar mace ba muharrami kuwa, kada ki maida shi abin musu da Abba a tsakar gida. Malamai sun yi magana a kai, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa in akwai amintacciyar tawaga da amincin hanya. Ku je wurin malamin da shi Abba ya yarda da shi, ku ji tare. Ko a wurin masu sassaucin, amintacciyar tawaga ba ita ce baƙin da kika haɗu da su a Instagram ba. Shi kuma gwal, kin san abin da yake a wurin mace a ƙasar nan. Mama ba don ado kawai ta ba ki ba. Shi ne abin da za ki ɗaga ranar da asibiti ya ce a kawo kuɗi cikin dare, ko ranar da kike neman jarin da ba sai kin roƙi kowa ba. In ya tafi a mako shida, mayar da shi da albashin makarantar kuɗi sai an sha wuya.

To me za ki yi da wannan wuta da ke ranki? Ba na so ta mutu.

Akwai hanyoyin zuwa aikin sa kai a waje da ba ke ce za ki biya ba, su ne za su ɗauki nauyinki. Tarayyar Afirka tana da rundunar matasa 'yan sa kai da aka ƙaddamar a Abuja a Disambar 2010, tana tura masu digiri 'yan ƙasa da shekara 35 wata ƙasar Afirka aikin wata 12, da tikiti da alawus. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da nata shirin tun 1970, ana yin rajista kyauta a intanet. Najeriya ma tana da shirin TAC tun 1987, mai tura malamai da likitoci da sauran ƙwararru ƙasashen Afirka da Karebiyan da Fasifik na shekara biyu. Shiga waɗannan da wuya, masu nema suna da yawa, kuma za a tambaye ki me kika taɓa yi. Wahalar shigarsu ita ce alamar cewa aiki ne na gaske: akwai wanda ya nemi a turo masa mai wannan ƙwarewa, akwai ofishin da za a bi in wani abu ya same ki. Irin wannan takarda ce za ki iya ajiyewa a gaban Abba ya karanta da tabarau ɗinsa.

Abin da za a tambaye ki kin taɓa yi, a nan gida za ki tara shi. Daga Zariya zuwa Jos tafiyar yini ɗaya ba ta kai ba, kuma a can akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a dajin Amurum, ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda ke ba da digiri na biyu a fannin kiyaye halittu. Ke da aka ce kin fi sanin sunayen tsuntsaye fiye da na dangi, wurin kamar don ke aka gina shi. A Yankari akwai ɗaya daga cikin garkunan giwaye na ƙarshe da suka rage a Najeriya, kuma manoman ƙauyukan da ke kewaye suna kukan ɓarnar gona irin na mutanen Sagalla, da Hausar da kike ji. A fadamun Haɗejiya da Nguru tsuntsaye ne ke sauka kowace shekara daga Turai, ana fita ƙirga su. Gidauniyar kiyaye muhalli ta Najeriya, NCF, tana nan tun 1980 tana aiki da makarantu. Ki koyi abin da masu wannan aiki ke nema da gaske: yadda ake ƙirga dabbobi bisa ƙa'ida, yadda ake zana taswira a kwamfuta, yadda ake tantance hotunan kyamarar da ake ɗaurewa a jikin bishiya, yadda ake zama da manomi a ji kokensa a rubuta. Mai wannan a hannu, in ta je Tsavo, kujera za a ba ta a teburin aiki.

Kuma kina da aji a hannunki yanzu haka. A Kenya tun 1968 ɗalibai suka kafa ƙungiyoyin namun daji a makarantu, kuma da yawa daga cikin masu riƙe da wannan fanni a ƙasar yau daga nan suka fara. Wani yaro ɗan ƙabilar Masai mai suna Richard Turere, yana kiwon shanun mahaifinsa a Kitengela kusa da gandun dajin Nairobi, zakuna sun addabe su, ya lura ba sa matsowa in yana zagaya garke da tocila. Sai ya haɗa batirin mota da ƙwayayen tocila da na'urar sigina ta babur, fitilu suka riƙa walƙiya a kewayen garke kamar mutum na yawo. Bai kai shekara 14 ba ya yi wannan, dabarar ta bazu har wasu ƙasashe. Irin wannan yaro yana iya kasancewa a ajinki na Zariya, yana jiran malamar da za ta fita da su bakin rafi da safiyar Asabar ta ce su rubuta duk tsuntsun da suka gani. Ki nemi izinin shugaban makarantarku ki kafa ƙungiya. Shekara guda kina yi, kina ajiye rahoto da hotuna, kin samu abin rubutawa a takardar neman Tarayyar Afirka.

Ki fara koyon Swahili ma tun yanzu, za ki yi mamakin yadda zai zo miki da sauƙi. Larabci ya shiga cikinsa kamar yadda ya shiga Hausa: labari su ce habari, sabulu su ce sabuni, haɗari su ce hatari, duniya dunia, Alhamis Alhamisi, malami kuma mwalimu. Ranar da Allah ya kai ki, gaisuwar da za ki yi wa tsohuwa da harshenta za ta buɗe miki ƙofar da dala ba za ta buɗe ba. In kuma bayan duk wannan kika ga ke dai ganin giwayen Tsavo da jar ƙasarsu a jiki kike so, babu laifi ko kaɗan. Ki tara kuɗi a hankali, ku je da yayanki ko mijinki in lokacin ya zo, ku biya kuɗin shiga gandu, ku ɗauki ɗan jagora ɗan garin, ku sayi zumar manoman Sagalla. Wannan kuɗin ma yana taimakon dajin da mutanensa.

Kin ce kafin aure ya zo. Na ji tsoron da ke ƙarƙashin wannan kalmar, kuma shi ne yake sa ki gaggawa har wa'adin ƙarshen wata ya yi miki kama da ƙofa ta ƙarshe. Maganin wannan tsoro shi ne duk wanda ya zo neman aurenki ya san tun ranar farko cewa wannan ne fanninki, kina da niyyar ƙaro karatu da fita aikin daji, a yi maganar a gaban manya kafin a sa rana. Na san mata da suka yi digiri na biyu da goyo a baya saboda an yi wannan magana da wuri.

Yau da daddare, bayan isha'i, ki kai wa Abba shayinsa da kanki. Ki durƙusa ki ba shi haƙuri a kan kwana goman nan, ki ce masa kin fasa tura kuɗin, kin gano makarantun ma suna hutu a lokacin. Kada ki kawo maganar wata tafiya a daren. In an kwana biyu fuska ta saki, ki nemi gwaggonki ko baffan da yake jin maganarsa, ku je masa da zancen Jos. Su kuma mutanen Instagram, ki tura musu tambayoyin nan: sunan makarantar da lambar shugabanta, wane aji za ki shiga a Disamba, wace takardar izini za su nema miki, da yadda ake raba dala 2,400. Duk abin da suka amsa, ki turo min mu karanta tare.